Gudbai ɗin Kawu Habu

"Madam! Madam Basira! Hito ki ƙara gaya mini, kada in mance!"

Kawu Habu ne ke dukan ƙyauren gidana da sanda, da sanyin safiya, mutumin da likita ya ce ko bakin gado kada ya wuce. Na fito da ludayin koko a hannu.

Shekara goma sha biyu muna maƙwabtaka da shi a Dogon Dutsi. Tsoho ne mai taurin kai na ƙin ƙarawa, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ka fita daga gabansa, ko shago za ka, sai an haɗa ka da Allah. 'Yarsa tilo, Lantana, tana aure a Kumasi. Jikarsa Fadila, 'yar shekara bakwai, ba ta jin Hausa ko ta "zo in kashe ki". Shekara biyu da suka wuce aka ba ta waya su gaisa, ta yi surutunta, ta ce masa "gudbai", ta ajiye. Ya tambayi wani direba ma'anarta, aka ce masa ai "na tafi" ke nan, ba ƙari. Daga ranar ya daina ɗaukar wayarsu. Wai an tarbiyyantar masa da jika babu Allah a bakinta. Lantana ta yi kuka har ta gaji.

To jiya na kai masa kunu, ya hau ni da faɗa don ina koyar da Ingilishi a makaranta. Ni kuma ba a taɓa mini sana'a in yi shiru. Na ce, "Kawu, ka san daga ina kalmar gudbai ta fito? Shekaru ɗari huɗu da suka wuce, in Bature zai rabu da ɗan'uwansa, cewa yake Allah ya kasance tare da kai. Baki ne ya yi ta cin ta, kamar sabulu a hannu, har ta koma gudbai." Ya kau da kai. Na ɗauka ya yi fushi.

Yanzu ga shi a ƙofata yana haki, idanunsa na ƙyalli.

"Ke nan ɗiyar ga addu'a ta yi mini?"

"Asalinta ke nan, Kawu."

"Ni ko ban ce amin ba! Shekara biyu! Kai, Habu, ka yi asara!"

Wallahi na kasa riƙe shi. Ya bi layi yana shela. Ya tare mai nama, ya tare matan famfo. Luƙman mai shago, wanda komai sai ya nemi hujja, ya ce, "Kawu, ka tabbata?"

"Madam ta gani cikin littahi! Kai mi ka sani ban da sukari?"

Da la'asar muka kira Kumasi. Lantana na jin muryarsa ta fashe da kuka, ya ce ta matsa ta ba shi mai dalili. Fadila ta ba shi labarin kyanwarta da haƙorinta da ya fita, ina fassarawa, shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana leƙen ƙarshen zancen. Can ta ce, "Gudbai, Kaka."

"Amin! Amin! Amin, uwata!" Har sandarsa ta faɗi.

Kwana huɗu a jere haka, kullum la'asar. Ya ci tuwo, ya sa aka yi masa aski. Na soma cewa likitan nan bai san aikinsa ba.

Ranar Alhamis ina aji aka aiko. Kafin azahar ya cika, kafin la'asar an kai shi. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Muna zaune da mata a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Lantana ce, murya a dishe. Ta ce ta gaya wa yarinyar, amma ta nace lokacin hirarsu ya yi, sai an kai wayar ɗakinsa. Na shiga. An naɗe katifar, ga kofin kununsa a ƙasa da murfi a kai. Na miƙa wayar wajen gadon.

"Gudbai, Kaka."

Na ji tana numfashi, tana jira.

Na tattaro muryata na ce, "Amin."

Sannan na ɗauki sandarsa daga ƙasa, na jingine ta a bango.