Ɗan Farin Gola

Shekarar da Taurarin Wunti suka faɗo rukuni na biyu a gasar unguwannin Bauchi, ni aka bar wa wahalar. Manyan 'yan wasanmu duk suka watse. Wani ya tafi Jos, wani ya sayi keke yana haya, wani ya yi aure ya ajiye tumbi. Aka bar ni, koci, da samari goma sha biyar da gemu bai gama fito musu ba, da gola ɗaya tal, Sabitu, wanda wallahi ko ƙosai ka miƙa masa sai ya suɓuce.

Shi ya sa da Hammajoda ya zo daga Miri a kan babur ya ce yana son komawa raga, kamar in rungume shi. Duk wanda ya san ƙwallo a garin nan ya san Hammajoda. Shekara bakwai ke nan da ciwon gwiwa ya mayar da shi wurin shanunsa. Ya ce mini, "Koci, ko kakar wasa ɗaya ce. Har mafarkin raga nake yi."

Shugaban kwamitinmu, Alhaji Mijinyawa mai shagon yadi, ya ce atafau bai yarda ba.

"Ƙungiya muke ginawa da yara, ka kwaso mana tsoho? Shekarunsa nawa?"

"Ya ce talatin da tara, Alhaji."

"Talatin da tara ya ce mini ranar ɗaurin auren 'yata A'i. A'i yanzu 'ya'yanta uku!"

Na ce ba hannunsa kaɗai nake so ba, bakinsa nake so. Yaranmu na baya ba su san inda za su tsaya ba, shi kuwa Hammajoda da murya yake jera mutane, in ya daka tsawa a fili har masu tumatir a kasuwa suna waiwayowa. Da ƙyar Alhaji ya ce to, a gwada shi ranar Asabar da 'yan Yalwa. In ya burge, a ɗauke shi. In ya ba da kunya, kada in sake kawo maganar.

Ranar farko a wurin horo ya haddace sunan kowa. "Mansir, rufe dama! Ɗanlarai, barci kake yi?" Yara suka miƙe kamar an zuba musu ruwan sanyi. Amma akwai Bakari, ɗan bayanmu na tsakiya, wanda duk ya fi su iyawa. In aka zo kansa sai muryar ta shige ciki, ka ji Hammajoda yana kallon gefe yana cewa, "Kai, wane... a dai kula." Shi ma Bakari da ya matso kusa da raga sai ya sunkuyar da kai, kamar wanda ya zubar da allura.

Na ja Hammajoda gefe. "Ka san yaron nan ne?"

"Ina dai ganinsa a gari."

Na zaci wata tsohuwar rigima ce. Sabitu ne ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Koci, ɗansa ne fa! Ɗan fari. A Ƙofar Ran ya tashi, wurin kakarsa."

Innalillahi! Na ɗauko gola saboda bakinsa, ashe Bafulatani ne mai kunyar ɗan fari. Ba ya faɗin sunansa, ba ya yi masa magana a gaban mutane, ko haɗa ido ba sa yi. Shekara goma sha tara a haka.

Na roƙe shi, na yi masa magiya, har na ce ai a fili babu uba babu ɗa. Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando. A ƙarshe muka daidaita cewa zai riƙa kiransa da lambar riga.

Abin da na manta shi ne rigunanmu na gwanjo ne. Ranar Asabar bayan la'asar, ana busa usur, Hammajoda ya ƙwala, "Lamba biyar, koma hagu!" Sai ga mutum uku sun kwasa a guje zuwa hagu, don uku ne ke sanye da biyar. Dama ta zama wayam. Allah ya taimake mu ɗan Yalwa ya ɗaga ƙwallon sama, ta faɗa gidan mutane.

Daga nan muka koma aike. Na tsayar da Sabitu a bayan raga. Hammajoda ya ce masa, "Gaya wa wancan ya matsa gaba," shi kuma Sabitu ya ɗaga murya, "Bakari, an ce ka matsa gaba!" Kafin saƙo ya isa, ƙwallo ta riga ta iso. 'Yan kallo suka gane, suka shiga tayawa. Har magoya bayan Yalwa, 'yan banza, suna ihu, "Bakari, an ce ka zauna ka huta!"

Amma tsohon nan ya yi aiki, sai dai a ce masha Allahu. Ya kaɗe ta sama, ya cafke ta ƙasa, ya tare wata da gwiwar da ake cewa ta mutu. Sau tara na ƙirga. Na saci kallon Alhaji Mijinyawa, na ga ya ture hula ƙeya yana tafi.

Saura minti biyu, babu ci. Aka cillo doguwar ƙwallo, Bakari ya sa ƙirji ya saukar da ita hankali kwance, bai san ɗan gaban Yalwa ya taho ta bayansa da gudu ba. Hammajoda ya waiwaya neman Sabitu. Shashashan ya tafi sayen rake.

Sai kawai muka ji fili ya tsage.

"BAKARI!"

Yaron ya tsaya cak. Ya saki ƙwallo, ya juyo gaba ɗaya yana kallon raga, baki buɗe. Ɗan Yalwa ya ɗauke abarsa, ya zura ta a kusurwa. Ɗaya da nema, aka tashi.

Na shiga filin nan raina a ɓace, na rantse sai na wanke yaron tas. Na tarar da shi a inda yake, hawaye na zuba.

"Koci, ka ji?" ya ce. "Ni ya kira."

Duk masifar da na ɗebo ta bi iska. Wallahi tausayi ya kama ni.

Alhaji Mijinyawa ya iso yana haki. "Koci, ka yi gaskiya, na janye maganata. Tsohon nan namu ne, yau za a rubuta sunansa. Amma tunda su biyun ba sa haɗuwa a fili ɗaya, wannan mai tsayuwa kallo ya koma benci. Ƙwallo a ƙafarka ka tsaya kamar an kira ka cin tuwo?"

Hammajoda yana tsaye yana ɓalle safar hannu. Abin da ya yi shekara bakwai yana mafarki ga shi an miƙa masa. Ya daɗe yana kallon raga.

"Alhaji, na gode," ya ce. "Amma gwiwar nan ta motsa, ba zan iya kaka ba. Wancan mai lamba biyar ɗin, na tsakiya, ku bar shi a wurinsa. An ce ya iya."

Gwiwa lafiyarta ƙalau, ni na ga yadda ya taka zuwa babur ɗinsa ko ɗingishi babu. Ya tayar da shi, ya zauna yana kallon titi, sannan ya ce wa iska, "In akwai mai zuwa Ƙofar Ran, akwai wuri a baya."

Bakari ya ɗauki takalmansa a hannu ya hau. Suka kama hanyar Ƙofar Ran.