Ruwan Ranar Litinin

Ban runtsa ba a daren da ya gabaci taron. Tsayawa gaban jama'a bai dame ni ba, domin na yi wata uku ina shirinsa. Na haddace jawabina na minti goma sha biyar, na buga katunan suna guda ɗari, na ari kwat a wurin yayana, na kuma ja layi ƙarƙashin sunan wani farfesa daga birnin São Paulo na Brazil da aka ce yana neman ɗalibin digiri na uku. Abin da ya hana ni sakat shi ne ranar Litinin.

Taron masana yanayi ne, a wani otal a Cochabamba. Maƙalata tana cewa tun daga shekarar 2016, mamakon ruwan sama, irin wanda ke kwashe gonar dankali cikin yini guda, ya ninka a ƙauyen Tarcuyo. Hujjata ita ce littattafai ashirin da biyu na Don Eusebio Yucra, tsohon manomin da ke karanta ma'aunin ruwan ƙauyen kowace safiya da ƙarfe bakwai. Ina gyaran jadawali na ƙarshe ne na sa kwamfuta ta nuna ranakun mako a gefen kwanan wata, don ado kawai. Cikin mamako goma sha huɗu da aka rubuta tun 2016, goma sha biyu sun faɗo ranar Litinin. Na san girgije ba ya duba kalanda.

Bakwai da kwata na safe na kira Don Eusebio a waya.

"Injiniya ƙarami! Ashe kana raye? Na ɗauka birni ya haɗiye ka."

"Ina kwana, Baba. Yaya ƙafar?"

"Tana nan, ta ƙi warkewa ta ƙi tafiya. Yau ko ɗigo babu, in shi ka kira ji."

Na tambaye shi wa ke karanta ma'aunin ranakun Asabar da Lahadi.

"Kai ma dai! Asabar tun asuba ina bayan motar dankali, sai daren Lahadi nake dawowa daga kasuwa. Ruwan ai ba ya zuwa ko'ina, yana cikin gwangwaninsa yana jirana. Litinin in auna shi duka in rubuta. Ban taɓa cinye muku ko milimita ɗaya ba."

"To me kake rubutawa a Asabar da Lahadi?"

"Sifili mana. Na auna wani abu ne?"

"Da can ma haka kake yi, Baba?"

Ta wayar ina jin kukan tumaki a bayansa.

"Da can Sabina ce," in ji shi. "Ita take fita ta karanta, ta rubuta da gawayi a bangon madafa, in na dawo in kwafa. Ta ma fi ni ido."

Ban taɓa haɗuwa da matarsa ba. Hotonta kawai na sani, a saman ƙofar ɗakinsa, da kwanan watan rasuwarta a ƙasa: Janairu, 2016. Sau huɗu na kwana a gidan ina ɗaukar hoton littattafansa shafi bayan shafi, ina wucewa ta ƙarƙashin wannan kwanan wata, ban taɓa haɗa shi da jan layin da ke tashi sama a jadawalina ba.

"Na yi laifi ne, Injiniya?"

"A'a, Baba. Ni ne ban tambaya ba."

Na koma kan kwamfuta, na sake lissafin ba tare da Asabar da Lahadi da Litinin ba. Jan layin ya kwanta. Aikin shekara biyu ya koma miƙaƙƙen zare wanda ba ya cewa komai.

Na sami malamata, Dakta Amparo Zeballos, a hutun shan kofi na ƙarfe goma. Sunanta ne na biyu a maƙalar. Tana cin salteña, wani gasasshen fulawa mai nama da romo a ciki, a tsaye, ta ɗan duƙa don kada romon ya ɓata mata riga.

"Ticona, me ya sami fuskarka? Kamar wanda ya kwana a tashar mota."

Na faɗa mata komai. Ta daina taunawa.

"Yau ka gano? Yau ɗin nan?"

"Tun jiya nake zargi, Dakta."

"Saura awa biyu ka hau. Ka gabatar yadda yake, ka ce sakamakon farko ne, in mun koma mu gyara. Wa zai tambaye ka ranar mako? Rabinsu suna danna waya, rabi suna jiran abincin rana." Ta goge yatsunta. "Kuma na riga na yi wa mutumin São Paulo maganarka. Jan layin nan ya zo gani, ɗana, ba kwat ɗin yayanka ba."

Ba muguwa ba ce. Ita ta riƙe ni a sashen lokacin da na kusa barin karatu, kuma na san tana faɗin abin da ta ga yana fid da mutane. Na fita bayan zauren, na zauna a kan matakala. Daga ciki ina jin tafi yana tashi yana sauka. Na yi tunanin ɗakin da nake haya, da mahaifiyata da ta gaya wa duk maƙwabta cewa ɗanta zai tafi Brazil. Sannan na yi tunanin ranar da wani zai gano abin da na gano, domin lallai wani zai gano. Na san jimlar da za a rubuta, ni ma na sha karanta irinta: an samu kuskure daga mai auna ruwa na karkara. Za a ce tsohon bai iya aiki ba. Ba wanda zai ce injiniyan ya kwana huɗu a gidan bai yi tambaya ɗaya ba.

Na buɗe kwamfutar a kan gwiwata. Na cire shafuka bakwai daga jawabin. A madadinsu na sa hoton shafi ɗaya na littafin, da rubutunsa mai karkata: Asabar sifili, Lahadi sifili, Litinin sittin da ɗaya. A shafin farko, inda na rubuta sunan mai auna ruwa, na ƙara na biyu, Sabina Quispia de Yucra, 2002 zuwa 2016. Abin da ya rage bai kai minti shida ba.

Mai kula da majigi wani dattijo ne mai furfura. Ya karɓi filashina, ya dubi allonsa.

"Akwai wani fayil da sunanka tun jiya, Injiniya. Wanne zan bari?"

"Sabon. Goge tsohon."

Na zauna a layin gaba. Dakta Zeballos ta shigo tare da wani dogon mutum mai tabarau, ta nuna masa ni, ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Na ɗaga masa nawa. Katunan suna nan a aljihun kwat, ko ɗaya ban ba kowa ba. Na gyara zama, ina jiran a kira sunana.