Tagullar Bakaksil

Kwando arba'in da biyu na tumatir Isiyaku ya tsinke ranar Litinin, ya jera su a bakin kanal ɗin Kadawa, magudanar ruwan noman rani, ya lulluɓe da ciyawa. Washegari tsohuwar akori-kurarsa, Fijo da ta girmi babban ɗansa, ta yi wata irin ƙara daga baya, ta tsaya cik. Inji na ta kuka, ƙafafu sun ce ba su san zance ba.

Baballe makanike ya kwance bakaksil ɗin, wato ƙarfen nan mai tulu a tsakiya da ke juya ƙafafun baya. Ya zaro wani faifan tagulla daga cikin tulun, haƙoransa duk sun cinye.

"Alhaji, wannan ta gama aiki. Irinta kuwa ko a Kano sai an tona."

Isiyaku bai taɓa zuwa Makka ba, amma ranar ba shi da ƙarfin gyara wa kowa magana. Manyan motoci duk masu manyan gonaki sun riga sun kama su, tumatir kuwa ba ya jiran kowa.

Ranar Laraba wani ya ce ya ga amalanken shanu a wata ruga bayan Bunkure, an ɗora shi a kan bakaksil ɗin mota. Isiyaku da makaniken suka hau keke ɗaya, Baballe a baya rungume da jak da sifanu.

Mai amalanken, Dattijo, ya karɓe su da fara'a. Baballe ya shige ƙarƙashi, ya kankare kashin shanu da wuƙa, ya ƙirga notina, ya auna faɗi da igiya, ya shafa tulun ko zai ji tsaga. Ya fito yana murmushi.

"Ita ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Isiyaku ya yi hamdala. Har ya fara tunanin wanne kwando zai fara lodawa.

Aka sa jak aka ɗaga. Baballe ya ce idan cikinta lafiya, in ya juya wannan ƙafa gaba, waccan za ta juya baya. Ya juya. Ƙafar ta yi ta wulwulawa sakayau, ɗayar ko motsi. Ya sake, ya kara kunne a jikin tulun. Sai ya ɗauki sifana ya fara kwance tulun.

Da aka buɗe, babu komai sai busasshen baƙin mai da gidan zanzaro.

"Baffa, ina kayan cikin?" in ji Baballe.

"Ai nauyi suke ƙara wa shanu. Maƙeri ya cire mini tun bara."

"Har da wani faifai ja, mai haƙora?"

"Shi ne ma mai kyan," in ji Dattijo, da alfaharinsa. Ya juya wajen bukka. "Iyatu, kawo wa baƙi fura."

Matarsa ta fito da ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye. Tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannunta mundaye ne na tagulla, an goge su da toka suna ta ƙyalli.

"Guda goma sha biyu ya fitar," in ji Dattijo. "Aikinsa da kyau, ko?"

Isiyaku ya dubi hannun, ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi. Mutumin nan bai cuce shi ba, kayansa ne, matarsa ya yi wa ado. Ya ce, "Da kyau, Baffa." Ya sha furar don kada a ce ya raina, ko ɗanɗanonta bai ji ba.

Baballe ya mayar da notinan ɗaya bayan ɗaya, ya sauke jak.

Da la'asar suka iso bakin kanal. Tun daga nesa tsami ya tare su. Ruwa ja na tsiyaya daga gindin kwandunan, ƙudaje sun yi baƙi a kan ciyawar. Isiyaku ya tsuguna gaban kwando na farko, ya fara tsince masu sauran ƙarfi yana ajiyewa gefe, bai ma san inda zai kai su ba.