Jar Wayar da Tamimu Ya Manta

Jirgin ruwan na mutum biyu ne, Tamimu da Maiwada, kuma yawancin kwanakinsa a kan tirela yake yin su, a wata istiraha da ke ƙarshen unguwar Badi'a, fili mai katanga da rumfar kwano inda mutane ke ajiye motoci da kayan fita daji. Riyadh ba ta da teku. Sau ɗaya a wata suke ɗaura shi a bayan motar Maiwada su ja shi kilomita ɗari huɗu zuwa gabar gabas, su kama kifi, su dawo da kula cike da kifin kan'ad su raba wa gidajen 'yan Najeriya.

Tamimu injiniyan lantarki ne, mutumin Gusau, yana aiki da wani kamfanin gine-gine. Maiwada ma'aikacin jinya ne daga Funtuwa, ƙato, mai saurin dariya da saurin hawa. Duk abin da ya shafi wayar wuta a jirgin a hannun Tamimu yake. Shi ya ɗaura winshi biyu a bayan jirgin, ƙananan injuna masu saukar da ƙwallon dalma mai nauyin kilo biyar zuwa ƙarƙashin ruwa, ƙwallon ya ja zaren ƙugiya zuwa zurfin da kifi yake. Winshin na shan wuta sosai, musamman wajen hawo da dalmar. Saboda haka Tamimu ya sa batura biyu: ɗaya na tayar da inji kawai, ɗaya na winshi da na'urar ganin kifi da rediyo. Ya sha gaya wa Maiwada cewa idan agogon da ke nuna ƙarfin batir ya sauka zuwa sha biyu a naɗe winshi a huta. Ya kuma sha gaya masa cewa ko batirin winshi ya mutu murus, na inji yana nan daram, don babu abin da ya haɗa su.

A watan Yuli yayan Maiwada, Sha'aban, ya zo ziyara bayan ya yi umara. Dattijo ne mai ciwon suga, bai taɓa shiga teku ba. Aiki ya riƙe Tamimu ranar da za su fita teku, sai 'yan'uwan suka tafi su biyu. Kifi ya yi ta cin ƙugiya. Maiwada ya kashe inji suna bin igiyar ruwa, yana saukar da dalma yana hawo da ita, har agogon batir ya sauka ƙasa da sha biyu ya kusa sha ɗaya. Da hantsi ya yi ya murɗa makulli, injin ya yi ƙas sau ɗaya ya yi shiru. Ya juya zuwa ɗaya batirin, shi ma haka. Rediyo ba wuta, waya ba sabis. Ya naɗa igiya a kan injin ya yi ta ja har tafin hannunsa ya saɓule. Awa bakwai suka yi a ƙarƙashin ranar da ke narkar da roba, ruwan shansu ya ƙare tun azahar. Kafin wasu masunta Indiyawa su gan su, Sha'aban ya daina gumi ya daina gane ƙaninsa. Ƙodarsa ta tsaya. Daga asibitin gabar aka dawo da shi Riyadh, aka ɗora shi a injin wankin ƙoda.

Kwana huɗu Tamimu yana faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa laifin mai tuƙi ne. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a shagon aski a unguwar Batha, cewa ya kafa wa mutum doka ya take, kuma tabbas hannunsa ya taɓa wani abin da bai kamata ba, domin shi wayarsa ba ta ƙarya. Maganar ta kai kunnen Maiwada a bakin gadon yayansa.

Ranar Asabar bayan la'asar Tamimu ya je istiraha shi kaɗai. Ya gaisa da maigadin, wani Basudane mai suna Uwais, ya hau jirgin, ya buɗe akwatin batura da ke ƙarƙashin kujerar baya. Ya cire murafun batirin winshi, ya ƙara masa ruwa, ya jona caja ya ƙure ta don ya ga ko zai farfaɗo. Ruwan ciki ya fara tafasa yana fitar da wari mai yaji. Ya kusa awa ɗaya yana bin wayoyi da 'yar fitila kafin ya tura hannu bayan baturan ya taɓo wata waya mai kauri.

Ja ce, ba ta fi kamu ɗaya ba, an ɗaure ta da noti daga kan wannan batir zuwa kan wancan. Ya gane ta nan take. Shi ya sa ta wata biyu da suka wuce, ranar da yake son caja ɗaya ta cika batura biyu kafin ya tafi ɗaukar matarsa daga kasuwa. Ya ce zai cire ta da safe. Tun daga ranar baturan biyu suka zama ɗaya, kuma duk wutar da winshi ya sha daga cikinsu duka ya sha.

Ya zauna a ƙasan jirgin, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya yi tunanin ya kira Maiwada. Ya yi tunanin abin da ya faɗa a shagon aski. Sannan ya ɗauki sifana mai lamba sha uku ya ɗora a kan notin.

Bai ji buɗe ƙofar fili ba saboda ƙarar cajar. Nauyin mutum ya ji a kan tirela, jirgin ya karkata. Maiwada ne, da kayan aikinsa na asibiti, tafukansa biyu a naɗe da bandeji. Ya zo ɗaukar jakar magungunan yayansa da aka bari a jirgin. Bai yi sallama ba. Ya tambayi Tamimu abin da yake kwancewa, Tamimu ya ce noti ne ya saki. Maiwada ya matso ya leƙa. Shekara uku yana kallon cikin akwatin nan, kuma an sha nuna masa da yatsa cewa tsakanin baturan babu komai.

"Injiniya, wannan jar wayar fa?"

Tamimu ya ce ta gwaji ce, yanzu ya sa ta. Maiwada ya durƙusa ya shafa notin da ɗan yatsansa. Farin gishiri ya yi tsiro a kansa, irin na abin da ya sha iskar teku.

"Yanzu ka sa ta," in ji Maiwada a hankali. "Kuma gishirin ma yanzu ka sa."

Tamimu ya buɗe baki, amma goshin Maiwada ya riga shi. Ya ji ƙarar karan hancinsa a cikin kansa, jini ya cika masa baki, ya faɗa da baya a kan ƙarfen winshi. Maiwada ya bi shi ya shaƙe wuyan rigarsa, ya yi ta dukansa da hannun da ke naɗe har bandejin ya jiƙe, ba a san na wane ne jinin ba. Yana duka yana kiran sunan yayansa. Jirgin na rawa a kan tirela, sandunan kamun kifi suka zube, wata ƙugiya ta shige cinyar Tamimu.

Tamimu ba mai faɗa ba ne, rabonsa da dambe tun yana sakandare. Amma da yatsun Maiwada suka kama maƙogwaronsa ya ga duhu na taruwa, sai ya kai masa sifanar a gefen kai. Kunnen Maiwada ya tsage. Ya sake shi ya yi baya, ya taɓa wurin ya dubi hannunsa. Ƙwallon dalma na rataye a bakin winshi. Ya ciro shi da hannu biyu ya ɗaga sama. Tamimu ya kare fuskarsa da hannun hagu, dalmar ta sauka ƙasa da gwiwar hannun, ƙashin ya karye da ƙara kamar busasshen kara.

Uwais yana ta ihu daga ƙasa da Larabci, yana cewa su ji tsoron Allah, zai kira shurɗa, wato 'yan sanda. Ba wanda ya ji shi. Maiwada ya sake danne Tamimu, gwiwarsa a ƙirjinsa, kansu duka a bakin akwatin batura. Tamimu ya ɗaga sifanar zai sake bugu, Maiwada ya buge hannun. Sifanar ta tashi ta faɗa cikin akwatin, ta kwanta a kan ƙahonin batirin da ke tafasa.

Tartsatsi ya tashi fari fat, sai ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe. Saman batirin ya tarwatse. Jikin Maiwada ne ya kare Tamimu, don shi ne a sama kuma fuskarsa na kallon akwatin. Maiwada ya miƙe tsaye hannuwansa a fuska, ya yi taku biyu da baya, ya faɗo daga jirgin zuwa kan siminti. Kukan da ya yi bai yi kama da na mutum ba.

Tamimu bai san yadda ya sauko ba. Ya fizge wayar caja daga bango, ya kama Maiwada ta wuyan riga da hannunsa mai lafiya, shi da Uwais suka ja shi zuwa famfon da ake wanke motoci. Ruwan mesar da zafi ya fara fitowa saboda rana. Maiwada na birgima yana shure-shure, wani ɓallin baƙar roba ya kafe a kumatunsa, rigarsa na hujewa a kafaɗa. Tamimu ya hau ƙirjinsa ya zauna, kamar yadda aka zauna a nasa minti biyu da suka wuce, ya ce wa Uwais ya riƙe kan.

A cikin kukan nan ma'aikacin jinya ya farka a jikin Maiwada. Ya ce a buɗe fatar idon da yatsa, ko zai mutu kada a bari ya rufe. Ya ce a zuba daga gefen hanci zuwa waje, kada a tsaya sai motar asibiti ta zo. Tamimu ya saƙale mesar a hammata, ya buɗe idon da yatsu biyu. Na dama ja ne kamar gauta. Na hagu ya yi fari kamar an ɗiga masa nono. Minti ashirin da biyar ruwa na zuba, jinin hancin Tamimu na ɗiga a goshin Maiwada ruwan na wanke shi, karyayyen hannunsa na reto a gefe.

A asibiti wani ɗan sanda ya zo da takarda, domin likita ya ga raunin da ba na batir ba. Dukansu sun san abin da faɗa ke jawowa: tsarewa, kiran kafili, wato wanda ya tsaya musu suka shigo ƙasar, wataƙila soke iƙama, takardar izinin zama. An fara tambayar Maiwada, idanunsa a rufe da auduga. Ya ce batir ya fashe, suka faɗo daga jirgi. Tamimu ya maimaita. Uwais ya ce shi yana banɗaki. Ɗan sandan ya daɗe yana kallon shatin yatsu a wuyan Tamimu, sannan ya rubuta abin da aka faɗa masa.

Bayan kwana biyu Tamimu ya hau bene na uku da filasta a hannu, ya shiga ɗakin Sha'aban. Dattijon na kwance, bututu biyu a wuyansa. Tamimu ya durƙusa a gefen gado ya ce masa Yaya, ya faɗi komai, har da sifanar da ya ɗauka don ya ɓoye. Sha'aban ya saurara ido a rufe. Ya ce mantuwa ta ɗan Adam ce, wannan ya yafe tun kafin a roƙe shi. Amma kwana huɗun da aka yi ana yawo da sunan ƙaninsa a gari ba hakkinsa ba ne, ba shi zai yafe ba.

Ranar Juma'a, a gidan da 'yan Najeriya ke taruwa cin tuwo bayan masallaci, Tamimu ya miƙe kafin a buɗe kwanuka. Ya ce shi ya bar wayar, shi ya yi wa Maiwada ƙazafi, kuma an kama shi yana ƙoƙarin cire shaida. Wani likita ya matsa ya ba shi wuri ya zauna, aka ci abinci.

Idon dama ya warke. Na hagu haske da duhu kawai yake bambancewa. Asibitin ya ɗauke Maiwada daga ɗakin gaggawa ya mayar da shi wurin karɓar marasa lafiya, don ba ya iya sa allura a jijiya kamar da. Sha'aban ya koma Funtuwa, ana kai shi wankin ƙoda sau biyu a mako. Tamimu ya aika saƙo uku, ba amsa. Ya je gidan sau ɗaya, matar Maiwada ta ce masa ta bayan ƙofa maigidan na barci.

Sai a watan Janairu suka haɗu, a kasuwar kayan lambu ta Utaiƙa. Tamimu ya hango shi a gaban mai dabino, da baƙin tabarau, tabo ya bi kumatunsa har kunne. Mai dabinon ya miƙo leda, Maiwada ya kai hannu ya kama iska, ya sake kaiwa sannan ya kama. Tamimu ya so ya juya, amma an riga an gan shi. Ya yi sallama, Maiwada ya amsa ta cikakkiya. Ya tambayi jikin Yaya, aka ce da sauƙi. Maiwada ya dubi hannun hagun Tamimu, wanda ya ɗan karkace daga gwiwa.

"Wa ya ɗaura maka wannan?"

Tamimu ya faɗi sunan likitan. Maiwada ya ajiye ledar dabino a kan tebur, ya kama hannun ya juya shi, ya bi ƙashin da babban yatsa har Tamimu ya ciji leɓe. Ya ce ɗaurin bai zauna ba, ya zo ranar Talata da safe a yi hoto, zai sa sunansa a layin likitan ƙashi. Ya ɗauki ledarsa ya bi ta tsakanin masu tumatir, yana tafiya kusa da bango ta ɓangaren hagunsa.