Tabon Faranti

Tun ranar da Happiness ta fara zuwa gogen fuska a Sabon Gari, Malama Jemimah ba ta ƙara cin tuwo ya zauna mata ba. Idan matan zumuntar coci suka tambaye ta dalilin ramarta, sai ta ce tsoro take yi kada 'yarta ta faɗa cikin masu shafe-shafen canza launi. Ƙarya take yi. Abin da take tsoro yana nan a kuncin yarinyar na hagu, ƙasa da ido kaɗan: tabo biyu gajeru, kowanne bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Kowa a gidansu na Samaru ya san labarin tabon nan, har baƙi ake ba wa. Wai Happiness tana jaririya, yayanta Dominic, yana ɗan shekara huɗu, ya saki farantin tangaran kusa da inda aka kwantar da ita, ɓaraguzan suka yanke ta. Haka mijin Jemimah, Gregory, ya sani, haka Happiness ta sani, haka shi kansa Dominic ya sani, har ma yakan ce yana tuna ƙarar fashewar farantin.

Babu farantin da ya fashe. Happiness tana wata takwas zazzaɓi ya kama ta da jijjiga, idanu suka kafe, ga Gregory yana Jos wajen kwas. Wata maƙwabciya ta ja Jemimah gidan wani wanzami a Hayin Dogo, ita kuma ta bi ba ta ko sa takalmi ba. Mutumin ya tsaga kuncin jaririyar sau biyu da aska, ya shafa wani baƙin gari a ciki. Yarinya ta tashi. Ko askar ce ta tashe ta, ko maganin da aka ɗura mata a asibiti washegari, Allah ne masani. Amma Jemimah malamar makaranta ce, kuma matar dattijon coci, mutumin da yake tsayawa ranar Lahadi yana faɗa a kan masu kai 'ya'yansu wajen wanzamai da bokaye. Da ya dawo ya ga filasta a fuskar jaririya, sai bakinta ya ce faranti ne. Ya ce wa ya yar? Ba ta ambaci sunan kowa ba, wannan kam takan tuna wa kanta. Kallon Dominic kawai ta yi, yana tsaye a bakin ƙofa da rake a hannu. Gregory ya cire bel.

Shekara ashirin da shida ke nan. Waɗanda suka san aikin aska in sun gani sun ja bakinsu, domin Gregory ba mutumin da ake yi wa gyara ba ne. Da yarinyar ta kai shekara goma sha uku kuma sai ƙuraje suka feso mata, suka bar baƙaƙen tabo ko'ina, na askar suka ɓace a cikin taro. Abin kunya ne a faɗa, amma Jemimah ba ta taɓa yin baƙin ciki da ƙurajen nan ba.

To, Dominic ne ya ɓallo ruwan. Yanzu magidanci ne, yana da shagon gyaran janareta a Chikaji. Ya je gyara a wani shagon kwalliya, ya ga na'urar, ya yi tambaya, ya dawo gida da murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ya ce shi ya ɓata fuskar ƙanwarsa, shi zai gyara ta, ko nawa ne.

Happiness ta faɗi sunan aikin, maikirodamabireshan, Jemimah ta ce a bar shi a goge kawai, harshenta ba na aro ba ne. Wai wani ɗan bututu ne mai kai kamar murfin biro, bakinsa da ɗan kaushi, ana bin fuska da shi yana kankare matacciyar fatar sama yana zuƙe ta. Ba zafi, sai ɗan ja na kwana ɗaya, sai kuma a guji rana. Duk bayan mako biyu ake komawa.

Zuwa na uku aiki ya fara nunawa, kuma a nan ne hankalin Jemimah ya tashi. Tabon ƙurajen suna dushewa, fata tana yin sumul, su kuwa biyun nan ko gezau. Da taron ya watse sai suka fito fili, a jere, tsawonsu ɗaya, miƙe kamar an ja su da rula. Jemimah ta yi shekara talatin tana koyar da lissafi. Ta san faranti ba ya fashewa da awo.

Daga nan kowa ya zama abin zargi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gregory ya ɗago kai daga kwanon miya, ya dubi 'yarsa ta saman tabarau, ya ce, "Fuskar nan fa ta yi kyau." Jemimah ta wuni tana juya maganar, tana neman abin da ke ƙarƙashinta. Me ya sa ya daɗe yana kallon ɓangaren hagu? Happiness ta tsaya gaban madubi ta wuce minti biyar, Jemimah ta ce a ranta shi ke nan, ta gane. Amma wadda ta fi tsaya mata a wuya ita ce mai shagon, wata Madam Bibiana, wadda ba ta taɓa sa ta a ido ba.

"Mama, Madam tana gaishe ki," in ji Happiness wata Asabar. "Ta tambaye ni ma a ina aka haife ni."

"Ina ruwanta da inda aka haife ki? Katin ɗan ƙasa za ta yi miki?"

"Hira ce kawai, Mama. Ta ce in kin samu lokaci ki raka ni, tana so ta gan ki."

Da walakin, goro a miya. Mai gyaran fuska ba ta neman uwar mai fuska haka siddan. Jemimah ta ce tana da taron malamai. Bayan mako biyu saƙon ya sake zuwa, ta ce ƙafarta ke ciwo. Sai ta zauna ta yi lissafi: idan ba ta je ba, matar nan za ta faɗa wa Happiness abin da ta gani, ko ma ta faɗa wa Dominic, tun da shi ke zuwa duba mata janareta. Gara ta je ta ga irin idon da ke kanta.

Suka hau bas a bakin kasuwar Samaru da hantsi, an ɗauke ruwan sama ke nan. Har suka wuce Palladan, suka wuce Kwangila, Jemimah tana ta shirya amsoshi a ranta.

Shagon yana saman wani bene kusa da kasuwar Sabon Gari, ana hawa ta wata matsattsiyar matakala. Jemimah ta zaci za ta tarar da wata mai jan baki da farce zaƙo-zaƙo, wadda za ta iya rainawa. Sai ta tarar da dattijuwa kusan sa'arta, baƙa wuluk, da farar riga irin ta ma'aikatan asibiti. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Mama, ya hanya?" Ta ba ta kujera da ruwan sanyi. Wannan ladabin ma Jemimah ba ta yarda da shi ba.

Happiness ta kwanta a wani siririn gado, aka ɗaure mata gashi, aka wanke fuskar. Bibiana ta jawo wata fitila mai dogon wuya, da gilashin ƙara girma a tsakiyarta, ta sauke ta a kan kuncin. Daga inda Jemimah take zaune tana hango abin da ke cikin gilashin. Tabon sun zama manya kamar yatsu biyu, kuma a tsakiyar kowanne akwai wani siririn zare baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ta kawar da kai.

Na'ura ta fara gurnani a hankali. Bibiana ta bi goshi, ta bi haɓa, ta bi kuncin dama, layi bayan layi kamar mai shara. Da ta zo hagu sai ta zagaye tabon ta wuce.

"Kin gani ko, Mama?" in ji Happiness, idonta a rufe. "Kullum haka take yi. Abin da ya kawo ni ke nan fa, amma sai ta riƙa tsallake shi. Madam, abeg, yau dai ki goge shi. Yaya Dominic har kunyar tambayata yake yi."

Bibiana ta kashe na'urar. Ta juyo da kujerarta ta fuskanci Jemimah.

"Mama, dalilin da ya sa na ce ki zo ke nan. Na'urar nan fatar sama kaɗai take ɗauka. Idan tabon yanka ne kawai, ina da wani kai da ya fi wannan kaushi, zan iya gwadawa, wataƙila ya ɗan dushe. Amma idan akwai abin da ya shiga ciki ya zauna, goge ba ya kaiwa can. Sai dai in ji mata ciwo a banza, kuma irin fatarmu in ta ji ciwo baƙi take ƙarawa. Wajen zai fi yadda yake muni, kuma ba lallai ya koma ba. Ita ba ta san komai ba, jaririya ce lokacin. Ke kika gani."

Jemimah ta ƙura mata ido. Fuskar matar ba ta nuna komai ba. Tambaya ce ta gaskiya, ko tarko ne aka ɗana mata da ladabi? Macen da ta tashi a Sabon Gari, ta ga fuskoki dubu ta cikin gilashin nan, a ce ba ta san aikin aska ba? Ta sani sarai. So take ta ji daga bakin matar dattijon coci. Haushi ya turnuƙe Jemimah, haushin ya ba ta ƙarfi.

"Faranti ne," in ji ta. "Na tangaran."

"Ba a shafa komai a ciki ba? Ko toka, ko wani gari?"

"Na ce miki faranti ne."

"To," in ji Bibiana.

Ta buɗe wani ɗan akwati, ta zaɓi wani kan, ta cire na farko ta ɗaura shi. Ta murɗa maɓalli, gurnanin ya ƙaru. Ta sa yatsu biyu ta miƙar da fatar kuncin. Happiness ta yi murmushi, idonta har yanzu a rufe, ta ɗan karkato da fuskar don a ji daɗin aiki. Jemimah ta jira matar ta dakata, ta jira ta ɗago ta sake tambaya. Ba ta ɗago ba. Bakin bututun ya sauko har ya kusa taɓa fata.

Jemimah ba ta san lokacin da ta tashi ba. Sai dai ta ga hannunta riƙe da wuyan hannun Bibiana, ruwan da aka ba ta ya kife a ƙasa.

"An shafa," in ji ta. "Baƙin gari ne. Ban san ko na mene ne ba, ban tambaye shi ba."

Happiness ta buɗe ido. "Wa ba ki tambaya ba?"

"Wanzamin."

Aka kashe na'ura. Bibiana ta zare hannunta a hankali, ta ce bari ta duba wani abu a ƙasa, ta fita ta ja ƙofa. Jemimah ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta faɗi komai, jijjigar da maƙwabciyar da askar. Ta yi ta nanata cewa tsoro ne, 'yarta tana mutuwa a hannunta, babu wanda za ta kira. Tana jira Happiness ta yi kuka, ko ta yi faɗa a kan fuskarta. Da ta ji daɗi da hakan aka yi.

Happiness ta tashi zaune. Ba ta ko taɓa kuncin ba.

"Kai ni wajen wanzami ba komai ba ne, Mama. Ko ni ce zan iya kaiwa." "Yaya Dominic fa? Kin san har yau ba ya ɗaukar jaririn kowa? Ɗansa na cikinsa sai da ya fara tafiya kafin ya yarda ya riƙe shi a tsaye. Matarsa ta zo ta yi miki kuka a kan haka, ina zaune, kika ce ta yi haƙuri, halinsa ne."

"Ni ban taɓa cewa shi ne ba."

"Ba ki taɓa cewa ba shi ba ne."

Jemimah ta ce su bari su koma gida, a samu lokacin da ya dace, a yi addu'a tukuna, a san yadda za a ɓullo wa Babansu. Happiness ta sauko daga gadon. Ta jawo jakarta, ta ciro waya, ta latsa, ta sa a kunnen uwarta, ta kamo hannun uwar ta ɗora a kai.

Sau biyu ta yi ƙara aka ɗauka. Ana jin bugun ƙarfe da hayaniyar shago a bayansa.

"Happy, yaya? An gama?" Muryarsa cike da ɗoki. "Ta taɓa wajen yau? Ko kaɗan ne ya ragu ki faɗa mini."

Jemimah ta nemi kujera da ɗaya hannun ta zauna.

"Dominic, ni ce," in ji ta. "Ka ajiye abin da ke hannunka, ka fita waje inda za ka ji ni sosai."