'Yar Balle

A gidanmu na Turba akwai wata bindiga mai baki biyu da ake kira 'Yar Balle. Bakunan a jere suke, kafaɗa da kafaɗa, da kunnuwa biyu a waje da ake ja da babban yatsa. Ba ta sama ake karya ta don ɗuri ba, wani ƙarfe ne a ƙarƙashinta ake murɗawa gefe. Daga Isa har Sabon Birni ban taɓa ganin irinta ba. Jikin ƙarfen duk zane ne murɗaɗɗe kamar tufkar igiya, shi ya sa tsofaffi ke cewa ayoyi aka narka a ciki. In an cire katakon gaba don a shafa mata mai, akwai rubutun boko a ƙasa, kalmomi uku. Biyu ba wanda ya san su. Ta ukun kowa ya iya ta: BALLE. A kan wannan aka gina labari, wai kakanmu ya ƙwato ta hannun wani jarumin garin Balle, can yamma da Sakkwato. Kakan nan kuwa, iyakar sanina, fataucin gishiri ya yi har ya mutu.

Shekarar farin saba'in da huɗu ina koyarwa a Isa. Rijiyoyi sun ƙafe, saura guda a cikin yashin gulbi, tsakanin gonar yayana Bawa da ta maƙwabcinsa Illo. Wata rana da hantsi Lawwali, babban ɗan Bawa, ya kai shanunsu biyu da suka rage. Illo da ƙannensa suka ce sai nasu sun sha. Magana ta yi zafi. Illo ya ɗaga gora ya sauke wa Lawwali a ƙeya, ƙannen suka bi da sanduna har ya daina motsi, jini na bin yashi yana gangarawa cikin ramin da ake faɗa a kansa. Ranar ba wanda ya sha ruwan. Aka kama Illo, ba a jima ba aka sako shi, wai babu shaida, alhali rabin gari na tsaye a wurin.

Da na koma gida bayan sadakar arba'in, na tarar da Bawa a gindin rumbu, 'Yar Balle a kan cinya. Ya sayo harsasai na kwali wurin wani ɗan kasuwar Nijar, yana buɗe bakinsu, yana zubar da ƙananan ƙwayoyin ciki, yana cusa curin dalma guda da maƙeri ya zuba masa.

"Yaya, mi kaka yi da wanga?"

"Ƙananan na harbin zabbi na. Illo ya hi ƙarhin zabo."

Na san in na yi masa wa'azi ba zai ji ba, malamai sun riga ni. Sai na ɗauki curi guda ina wasa da shi, na saka a bakin dama, ya gangara har ƙasa. Na saka a na hagu, ya tsaya cik a baki.

"Yaya, wanga baki ya hi ƙunci."

"Albarushi za shi tura shi, Rabi. Bindigar da ta ci Balle ba ta gaza Illo. Tahi ki koya ma yara baƙi."

Da ya tashi sallar azahar na cire katakon, na shimfiɗa farin kallabina a kan rubutun, na goga gawayi. Kalmomin suka fito, da wani tambari kamar ƙwai mai hular sarauta, da E L G a ciki.

A Isa na birkice ƙamus ɗin Ingilishi na makaranta, ban sami komai ba. Wani abokin aikina ya duba ya ce wannan ya yi kama da Faransanci. Ranar kasuwa na hau babbar mota zuwa Sabon Birni, wurin taubashiyata Saudatu, wadda ta yi lakwal, bokon Faransanci, a Maraɗi, mijinta marigayi kuma tsohon jandarma ne, ɗan sandan Nijar.

"A'a, 'yar Ingila! Bokon ya ƙare, an zo bara gidan Faransa?"

"Karanta min, baiwata, ki bar surutu."

Ta baje kallabin a kan tabarma. "Non pour balle." Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Wanga shi na Ballen taku? Ba Balle aka cewa ba, bal aka cewa. Curin harsashi. Cewa anka yi: ba don curi ba."

Ban yi dariya ba. Da ta ga fuskata ita ma ta daina.

Ta ce tambarin ƙwan nan akwai shi a bindigar marigayi, alamar maƙeran Baljiyam ce, in sun gwada bindiga suna buga mata shi. Ta ce da gangan ake matse baki guda don ƙwayoyi su tafi a dunƙule su kai tsuntsu na nesa. Da na kwatanta mata zanen jikin ƙarfen, ta dafa ƙirji.

"Wannan ba aya ba ta, Rabi. Ƙarhe anka naɗe kamar lawashi anka haɗe da wuta. Marigayi yac ce masu wanga zane na zamanin baƙin albarushi na, ko harsashin yanzu ba a ɗura musu, balle curi."

"Balle curi," na maimaita. Ita ce kaɗai Ballen da ke cikin maganar.

Motar farko na biyo. Na sauka Turba rana ta karkata, matar Bawa na ƙofar gida tana kuka, ta nuna min hanyar gulbi. Na tuɓe takalma na ruga.

Na iske mutane sun dare gida biyu. Illo na bakin rijiya da shanunsa, gora a hannu, layu a damtse. Bawa na tsaye nesa kaɗan, ya ja kunnuwan biyu.

"Yaya! Kar ka taɓa na hagu! Ba Balle ba ta, Faransanci na! Za ta hwashe maka!"

Ko waiwaya bai yi ba. "Boko ya ci ki, Rabi. Kauce."

Ya ja kunamar farko. Ƙarar ta girgiza gulbin. Curin ya kuskure Illo ya sami wani bijimi a wuya, ya durƙusa yana aman jini a cikin kwamin shan ruwa. Illo bai gudu ba. Ya yi kukan kura ya taho da gora sama.

Bawa ya ja ta biyu.

Na ga wuta ta fito ta inda wuta ba ta fita. Bakin hagu ya tsage ya warware kamar an ɓare rake, daidai inda hannunsa ke riƙe. Bawa ya faɗi da baya. Hannun hagu daga wuyan hannu babu abin da ya rage sai tsumma da farin ƙashi, wani ɓallin ƙarfe ya shige masa ƙarƙashin ido. Na faɗa kansa na ɗaure damtsen da kallabin nan, na sa sanda na murɗa har jinin ya tsaya. Illo na tsaye a kanmu da gora, ba ko ƙwarzane. Ya dubi hannun, ya dubi layunsa. Sai wani daga cikin taron ya ɗaga murya: "Asiri! Bindiga ta juya ma mai ita!" Illo ya sauke gorar a hankali, kamar wanda aka yi wa naɗin sarauta.

Da amalanken shanu muka kai Bawa asibiti. Aka datse abin da ya rage, idon ma bai tsira ba, amma ya rayu. Kafin a sallame shi mutane sun fara zuwa gidan Illo har daga Shinkafi, suna neman irin layar da ke fasa bindiga. Na tsinto guntayen ƙarfen daga yashi na duba su da kyau. Ba aya ko guda, sai tsatsa tsakanin naɗi da naɗi.

Wata rana da safe ina ba shi kunu, Bawa ya juyo da idonsa guda.

"Mi kic ce rubutun ka nuhi?"

Na gaya masa.

Ya daɗe yana kallon dungun hannun. "Tun zamanin kaka shina nan rubuce?"

"Tun ran da anka ƙera ta."

"Wa ya sani bayan ke?"

"Saudatu. Da duk wanda yaj ji ni bakin rijiya."

"Ba wanda yaj ji ki, mace ta ka ihu." Ya ture kwanon da hannun da ya rage masa. "Bar su ga asirin Illo, Rabi. Gara a ce laya ta kada ni, da a ce gidanmu mun shekara tamanin muna yi ma gargaɗi kirari."