Alƙiblar Goggo Ƙulu

Zakiru malamin jogarafi ne a Zariya, mutum mai hankali a komai, in ban da wani wasa da ya kwaso lokacin karatunsa a Turai. Ana ba mutum taswira da kamfas, a sake shi a daji, ya yi ta gudu yana neman wasu ƙananan tutoci da aka ɓoye, ɗaya bayan ɗaya. Babba da shi, da furfura a gemu, amma in ya ji an ce ga dajin da ake wannan wasa, sai jikinsa ya hau rawa.

Taron masana taswira ne ya kawo shi Libreville, kwana uku. An rufe taro ranar Juma'a, jirginsa sai ƙarfe bakwai na yammacin Asabar. Wato yana da wuni guda a hannunsa, kuma wunin nan yana da mai shi. Ƙanwar mahaifinsa, Goggo Ƙulu, shekara talatin da ɗoriya tana sayar da atamfa a wata unguwar Libreville da ake kira London, har ɓarin jikinta ya shanye wata huɗu da suka wuce. Ita ce ta goya shi yana jariri kafin aure ya kawo ta Gabon.

Da ya kira ta a waya ranar da ya sauka, ba ta tambaye shi tsaraba ba. Ta ce, "Zakiru, an ce kai ne mai sanin gabas da yamma. Tun da aka dawo da ni ɗakin ƙasa ban san inda nake fuskanta ba. A kwance nake salla. Wannan ya zo da wayarsa ya nuna nan, wancan ya nuna can. Ka zo da abin naka ka daidaita mini gado."

Ya ce, "Goggo, ranar Asabar kafin azahar ina wurinki."

Sai dai a wajen taron wani Bagabone ya ba shi labarin wata ƙungiya da ke shirya wasan a dajin da ke arewa da gari, kuma Asabar ɗin nan za a yi. Tun daga lokacin Zakiru ya shiga auna abin. Ya nemi taswirar, ya ga sabuwa ce, an zana kowane rafi da kowane tudu. Ya tambayi tutoci nawa, aka ce goma sha biyu. Ya tambayi nisa, aka ce bai kai awa guda a mota ba. Ya lissafa: a fara ƙarfe tara, ya gama sha ɗaya, sha biyu yana London. Duk tambayoyin nan da ya yi, wai don ya ga ko wurin ya cancanci zuwa ne, amma gaskiya tun kafin ya buɗe baki zuciyarsa ta riga ta tafi. Abin da yake nema kawai shi ne lissafin da zai wanke shi.

Hamadou ne ya ɗauke shi, wani direban tasi ɗan Maraɗi da Goggo ta haɗa su. Da ya ji inda za su, sai ya dube shi ta madubi.

"Malam, ba wajen Hajiya za mu ba?"

"Za mu. Akwai ɗan sauran aikin taro ne a can."

"To, Allah shi taimaka. Amma ran Assabar ambutiyaj, cunkoson motoci na hanyar nan, ba shi da kyau, kowa na tahiya bakin ruwa."

Dajin kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi. Itatuwa dogaye har ba a ganin ƙarshensu, ƙasa mai laushi, iska mai ƙamshin ruwa. Zakiru ya sami tutoci bakwai a jere kamar shi ya dasa su. A ta takwas ya bi wani rafi da ya ɗauka shi ne na taswira, ashe ruwan jiya ne ya haƙa sabo. Ya yi ta kewaye cikin taɓo. Agogo ya nuna sha ɗaya da rabi, wata murya a ransa ta ce ya haƙura ya fita. Ya ce saura huɗu kacal. Bai fito ba sai ƙarfe ɗaya saura, wandonsa jage-jage, yana riƙe da katin da aka huda masa sau goma sha biyu. Ya yi murna ta minti biyu, daga nan kunya ta rufe shi.

Hanya ta cushe yadda Hamadou ya faɗa. Suka tsaya wani masallaci suka yi azahar, Zakiru na salla hankalinsa na kan agogo. Sai uku da kwata suka shiga lungun da ke bayan wani farmasi mai sayar da magani, inda gidan yake.

Hadidja, matar ɗan Goggo, ita ta tare shi a ƙofa. Ta gaishe shi, ta dubi takalmansa, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, Hajiya ba ta yi azahar ba. Tun sha biyu na yi mata alwala. Ta ce kana hanya, yau sai ta yi ta a kan daidai. Na roƙe ta har na gaji."

Zakiru ya tuɓe takalman a bakin ƙofa. A danginsu, in ana son a kunyata mai jinkirin salla, da Goggo Ƙulu ake ba da misali. An ce ko mai ciniki na tsaye da atamfa a hannu, in aka kira salla sai ta bar shi nan.

Ya shiga ya durƙusa. Ta rame, bakinta ya ɗan karkace, amma idon nan na nan yadda ya san shi. Ta kama kansa da hannun da ke motsi.

"Sannu, ɗana. Sun wahalar da kai da aiki har ranar hutu. Tashi, gaisuwa ta jira, lokaci na fita."

Ya ciro kamfas. Allurar ta hau rawa, don gadon ƙarfe ne, rufin kwano ne, ga fanka a gefe. Abin da ya ruɗa wayoyin mutane ke nan. Ya fita tsakar gida, nesa da ƙarfe, ya auna, ya ja layi da gawayi a kan siminti har zuwa bakin ƙofa. Goggo ta saba da gida, inda in ka ce gabas ka ce alƙibla, shi ya sa ta sa aka juya ta wajen fitowar rana. A nan kuwa sai an karkata sosai wajen arewa. Shi da Hamadou suka ɗaga gadon suka juya shi. Aikin duka bai ci minti biyar ba.

"Nan ne?" in ji ta.

"Nan ne, Goggo."

Ta yi kabbara. Tana cikin raka'a ta biyu ladanin unguwa ya kira la'asar. Zakiru na tsaye a bakin ƙofa, ya ga hawaye ya gangaro daga idonta zuwa matashin kai, leɓɓanta ba su daina motsi ba.

Da ta idar, ta yi masa addu'a mai tsawo, ta roƙi Allah ya sa albarka a aikin da ya tsare shi. Wannan ne ya kasa ɗauka.

"Goggo, ba aiki ba ne. Wasa na je yi a daji."

"Na sani," in ji ta. "Hamadou ya kira Hadidja tun da safe. Na ce ai yaron nan ya ce kafin azahar, ko daga ina ne zai zo." Ta numfasa. "Ka dai samo abin da ka je nema?"

Katin na aljihunsa, ya jiƙe da gumi. Ta juya fuskarta wajen layin gawayin, ta ce wa Hadidja ta gyara mata mayafi, za ta yi la'asar a kan lokaci.